Garin da makaranta ke farautar yara

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Tun ranar da na faɗa wa Hajiyarmu a waya cewa an rufe firamaren da yarana suke zuwa, saƙo yake ta shigo mini ba ƙaƙƙautawa. Wani ya ce ko gobara aka yi, wata ta ce ko malamai ne suka tafi yajin aiki, Yaya Babba kuwa ya ce hala gwamnati ce ta gaza biyan albashi. Babu ko ɗaya a ciki. Ginin lafiyarsa ƙalau, albashi yana shiga a kan kari, wuta da ruwa ba sa ɗaukewa. Yara ne babu. A tsakiyar Landan, birnin da ke ɗauke da mutum kusan miliyan 9, makaranta ta nemi yaran da za ta cika aji da su ta rasa, aka garƙame mata ƙofa.

Tun ranar da muka je neman gurbi abin ya ba ni mamaki. Na fita da shirin roƙo, ina ta lissafin wa na sani da zai yi mini hanya. Ina isa shugabar makarantar da kanta ta fito ta tare mu a bakin ƙofa, ta zagaya da mu aji-aji, ta nuna mana ɗakin karatu cike da littattafai, da ɗakin cin abinci, da ɗan lambun da yara suke shuka a bayan gini. Da ta ga autana a keken turawa sai ta durƙusa ta yi masa wasa, ta tambayi shekarar da aka haife shi ta rubuta a takarda. Sannan ta ce ko akwai wasu a gida? Ko ina da maƙwabta masu yara da ba su samu makaranta ba? Na dawo ina ta ba maigida labarin kirkin matar nan. Kuma wallahi tana da kirkin, har yau ban canza magana ba, sai dai akwai tsoro a cikin tambayar tata.

Ba a karɓi sisi a hannuna ba. Littafi da fensir da takardar zane duk na makaranta ne. Abincin rana kyauta, da zafinsa, har da na halal, domin tun watan Satumba na 2023 magajin gari Sadiq Khan ya sa ake ciyar da duk yaran firamaren gwamnati a Landan. Doka ta hana a tara yara fiye da 30 a aji ɗaya na 'yan shekara 5 zuwa 7. Ajin babbar 'yata kuwa ko 20 ba su kai ba, ga malama ga mai taimaka mata. Ni da na yi firamare a Zariya ba sai na faɗa muku yadda na ji ba.

Wata mai taimakon malama, 'yar Ghana da muke taɓa Hausa da ita don a zangon Kumasi ta tashi, ita ta warware mini zare da abawa. Ta ce, "Hajiya, kujerun nan da kike gani babu kowa a kai su ne ajalin makarantar nan." A Ingila kuɗin makaranta kan yaro yake bi. A watan Oktoba ake ƙirga sunayen da ke rajista, gwamnati ta biya a kan kowane kai, kuma a tsakiyar Landan abin da ake ba wa yaro ɗaya a shekara yakan haura fam 6,000. To aji mai yara 18 da mai yara 30 albashin malami ɗaya suke ci, gas ɗin ɗumama ɗaki da hunturu ɗaya ne, gyaran rufi ɗaya ne. In kujera 12 ta zauna wayam, fiye da fam 70,000 ke nan ya tafi a aji guda, kuma aji bakwai ne a makarantar. Sai a fara sallamar mataimaka, a haɗe aji biyu wuri ɗaya, a daina ɗauko malamin kiɗa. Iyaye su ga abubuwa suna raguwa, masu hali su kwashe nasu, ramin ya ƙara zurfi.

Da wasiƙar ƙaramar hukuma ta zo, cewa aka yi ana neman ra'ayin iyaye kan rufe makarantar. Muka cika ɗakin taro a kan ƙananan kujerun yara. Jami'ai suka haska mana jadawali a bango, layin haihuwa yana gangarowa shekara bayan shekara. Wata tsohuwa 'yar asalin Jamaika ta miƙe ta ce a nan ta yi karatu, a nan 'ya'yanta suka yi, ga jikarta a aji uku, ba ta ƙarasa ba kuka ya ci ƙarfinta. Wani uba ya ce yaronsa mai lalurar ƙwaƙwalwa sai da ya yi shekara kafin ya yarda ya shiga aji ba tare da ihu ba, yanzu a ce ya sake sabon wuri? Suka saurara, suka rubuta, suka yi godiya cikin ladabi. Bayan 'yan watanni aka sanar da abin da tun a jadawalin nan kowa ya gani. Ladabin nan ya fi ƙona mini rai fiye da a ce tsawa aka yi mana, don ba ka samun inda za ka kama ka yi faɗa.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jami'in da ya ce iyalai ne suke barin unguwar don ra'ayin kansu. Na ɗaga hannu na ce masa ba haka ba ne, korar su ake yi, kuma kuɗin haya ne yake korar. Matsakaicin hayar gida a Landan ya haura fam 2,000 a wata. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, maigida yana aikin dare, in aka cire haya abin da ke saura ba ya kai mu ƙarshen wata sai da dabara. Lokacin da muke neman gida mai ɗaki uku, wani dillali ya gama nuna mana ko'ina yana fara'a, da ya ji yara uku gare mu sai fuskarsa ta canza, ya ce mai gidan ya fi son ma'aikata marasa yara. A gaban 'ya'yana ya faɗa. Babbar ta tambaye ni a cikin bas ko su ne suka yi laifi. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Ga kuɗin gidan reno, wanda in za ki ajiye jariri yini guda kullum zai iya cin fiye da fam 1,000 a wata. Ta yaya matasa za su yi aure su haihu a haka? Wadda muke aiki tare, Baturiya, shekararta 36, ta ce mini tana son haihuwa amma ɗaki ɗaya take haya a gidan da suke mutum huɗu.

Tushen abin ya daɗe. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu zama a gidajen ƙaramar hukuma damar saye su da rangwame, aka sayar da ɗimbin gidaje, ba a gina madadinsu yadda ya kamata ba. Dogayen benayen da ake yi yanzu yawanci ɗaki ɗaya ne ko biyu, farashinsu kuwa ba na mai shara ko direban bas ba ne. Iyalin da aka kora daga haya sau da yawa wajen gari ake kai su zaman wucin gadi. Daga ajin 'yata kaɗai, wasu sun koma Luton, wasu Kent, wasu Birmingham. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sa 'yan Poland da Romaniya da dama sun koma gida da 'ya'yansu, korona ta zo a 2020 ta ƙara kwashe wasu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar ƙananan hukumomin Landan ta ce haihuwa a birnin ta ragu da kashi 17 cikin 100 tsakanin 2012 da 2021. A Ingila da Wales, lissafin 2023 ya nuna a matsakaici mace ɗaya ba ta kai haihuwa ɗaya da rabi ba, 1.44 ne. A cikin ƙananan hukumomin Landan, Hackney ta rufe ko ta haɗe firamare huɗu a 2024. Southwark da Camden da Islington duk sun rufe nasu. A Lambeth, sakandaren Archbishop Tenison da aka kafa tun 1685 ta rufe a 2023, makarantar da ta girmi jihadin Shehu Ɗanfodiyo da fiye da shekara ɗari. Kowace shugabar makaranta a yankin nan ta san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, shi ya sa za ka ga kyalle a jikin katanga ana tallar gurbi. Wani abin takaicin kuma, akwai makarantun da ake ce wa akademi, waɗanda kuɗinsu ke zuwa kai tsaye daga gwamnatin tsakiya, ƙaramar hukuma ba ta da ikon rufe su, don haka wuƙar takan sauka ne a kan tsofaffin makarantun unguwa irin tamu.

Amma in zan faɗi gaskiya, yadda suka yi da yaran ya burge ni. Ba a bar yaro ko ɗaya a gida ba. Kowa an nema masa gurbi, an tura takardunsa, an taimaka da kuɗin sabon yunifom, an kai su sun ga sabuwar makarantar kafin hutu. Sun san sunan kowane yaro da adireshinsa. A nan in ka riƙe yaro a gida babu dalili, tarar fam 80 za a aiko wa uba, a aiko wa uwa tata daban. Da wuya yaro ya ɓace a lissafi.

A makon ƙarshe na ga ana jera kujeru da tebura a tsakar makaranta, masu kyau, ko ƙwarzane babu. Na tsaya na kasa tafiya. Na tambaya ko za a iya ba ni na tura gida, aka ce za a raba wa wasu makarantu, kuma da na binciki kuɗin kwantena na san ba ƙarfina ba ne. Kun san inda hankalina ya tafi, kun fi ni sanin yadda ajin yake a gida da inda yaran suke zama. UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a arewa. Mu da Allah ya ba 'ya'ya, har muna yi wa Turawa dariya sun daina haihuwa, me muka yi da namu? Ba gwamnati kaɗai nake nufi ba. Mutum zai kashe miliyoyi a lefe da kamu da dina, firamaren da ya yi a unguwarsu iska ta yaye kwanonta shekara da shekaru bai taɓa leƙawa ba. A kira taron iyaye da malamai, mutum goma ba za su zo ba. Yarinya tana yawon talla da hantsi, dukanmu muna saye a hannunta, babu mai tambayar me ya hana ta aji. A ɗakin taron nan na ga iyaye suna kuka don za a rufe makaranta. Mu tamu tana mutuwa a tsaye, ƙofa a buɗe, mun wuce ta gabanta.

Duk da haka kewar gida tana damuna, kuma hayaniyar yara na fi kewa. Bayan la'asar layinmu na nan tsit yake, sai masu yawo da karnuka. Babu 'yan gaɗa, babu masu langa, babu ƙarar karatun allo daga zaure, azumi ya zo ya wuce ba ka ji 'yan tashe ba. Yarana sai na kulle su a ɗaki ina cewa su rage murya kada na ƙasa ya kai ƙara.

Sabuwar makarantar tana da nisa, bas biyu muke hawa, kuma ita ma na ƙirga kujerun da babu kowa a ajin babbar. Mai gidan da muke haya ya aiko da takardar ƙarin kuɗi. Maigida ya fara duba gidaje a Bradford, inda ya ce haya ba ta kai rabin ta nan ba kuma akwai masallatai da mahauta na halal a kusa. Ban so tashin ba, don yaran yanzu suka fara sabawa, amma lissafin ya ƙi fita. In muka tafi, makarantar nan za ta rasa biyu a rajistar Oktoba, da autan da take sa ran shigowarsa. Ku taya mu da addu'a Allah ya zaɓa mana mafi alheri, a gaida Hajiya da yara.