Sharhi kan kular abinci mai cikin ƙarfe da fidar gilashi

Tun farkon bazarar bana na daina zuba wa yarana abincin makaranta a roba, na koma amfani da kula mai cikin ƙarfe wadda na saya a Babbar Kasuwar Sakkwato, na haɗa da fidar gilashi domin jaririyarmu. Hukuncina shi ne kuɗin bai tafi a banza ba, ko da yake kayan suna da nasu aibin.

Dalilina shi ne sinadarin BPA, wanda ake yin wata roba mai tauri da shi, irin wadda akan buga wa lamba 7 a ƙasanta. Idan ya shiga jiki yana kwaikwayon estirojin, wato sinadarin jiki mai tafiyar da al'amuran haihuwa musamman ga mata, kuma jarirai sun fi kowa shiga haɗarinsa saboda jikinsu bai gama ginuwa ba. Shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012. Manya ma ba su tsira ba, domin sinadaran da ke sa roba mai lamba 3 laushi an danganta su da raunin haihuwa ga maza. Zafi da maiƙo ne suke ƙara janyo waɗannan sinadarai zuwa cikin abinci, mu kuwa a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, miya mai manja muke zubawa tana tururi a robar da ta riga ta sha rana ta kuma karce.

Kular tana riƙe zafin shinkafa da wake daga safe har lokacin tashi daga makaranta, ba ta kama jan manja, ƙanshin daddawa ma wanki ɗaya yake fitar da shi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne murfin ciki, wanda har yanzu na roba ne, saboda haka ba na cika ta har abinci ya taɓa shi. Mai saye ya juya murfin ya duba lambar robar. Lamba 5 ta fi jure zafi.

Fidar kuwa tana da nauyi, tana buƙatar lura kada ta faɗi, amma ana tafasa ta hankali kwance, ba ta dusashewa balle ta karce. Kanta na silikon ne, kuma ana samun canjinsa a shagunan magani.