M-STEP ko MI-Access: wace jarrabawa ta dace da yaro mai raunin fahimta?

A jihar Michigan ta Amurka, iyayen yaron da ke da raunin fahimta wanda bai yi tsanani ba sukan tarar da tambaya ɗaya duk shekara a taron IEP, wato zaman da iyaye da malamai ke yi don tsara karatun yaron: wace jarrabawar jiha zai rubuta? Layi ɗaya ne a takarda, akan wuce shi da sauri, alhali yana iya juya akalar karatun yaro gaba ɗaya.

Zaɓi na farko shi ne M-STEP, wadda ɗaliban jihar ke rubutawa tun 2015, daga aji uku, galibi a kwamfuta. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yaro na iya rubuta ta da tallafi. Ana iya sa masa abin ji a kunne kwamfuta ta karanta masa tambayoyin lissafi, a zaunar da shi da yara kaɗan a ɗaki marar hayaniya, a ba shi hutu a tsakani, ko ya faɗi amsa wani ya rubuta masa. Tambayoyin dai na ajinsu ne, ba a rage musu nauyi ba. Sai dai a tabbata an rubuta tallafin a takardar IEP, kuma yaron ya saba da shi a aji, don ranar jarrabawa ba ranar koyon sabon abu ba ce.

Na biyu shi ne MI-Access, jarrabawar da aka sauƙaƙa domin masu raunin fahimta, mai hawa uku. Wanda ya shafe mu shi ne Functional Independence: rubutu gajere, tambayoyi a kan harkokin yau da kullum, amsa uku a zaɓi ɗaya. Yaro kan same ta da sauƙi, sakamakon kuma kan nuna abin da ya iya a fili. Sauran hawa biyun, Supported Independence da Participation, na masu larura mai nauyi ne, inda manya biyu ke lura da yaro yana nuna katin hoto. Idan raunin ɗanku bai yi tsanani ba aka ambaci ɗayansu, ku nemi bayani sosai.

Ni a ganina M-STEP da tallafi ita ce inda ya kamata a fara, a koma MI-Access sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Jarrabawa ba ta tafiya ita kaɗai. Yaron da aka sa a MI-Access, manhajar da aka sauƙaƙa ake koya masa, kuma duk shekarar da ta wuce tazarar da ke tsakaninsa da 'yan ajinsu na ƙaruwa. Doka ba ta hana shi neman cikakkiyar shaidar kammala sakandare ba, amma wanda ya yi shekaru ba a koya masa abin da ake buƙata ba zai sha wahalar kamowa, kuma yana iya ƙarewa da takardar halarta kawai. Wajibi ne makaranta ta bayyana wa iyaye wannan kafin a yanke shawara.

Dokar tarayya ma nan ta karkata. A 2007 an buɗe wata jarrabawa ta tsaka-tsaki ga kashi 2 cikin 100 na ɗalibai, aka soke ta a 2015. A Disambar shekarar dokar ilimi ta tarayya mai suna ESSA ta ce jarrabawa irin MI-Access ta masu larura mafi tsanani ce, kuma kada masu rubuta ta su wuce kashi 1 cikin 100 na ɗaliban jiha a kowane darasi. Michigan na cikin jihohin da suka haura wannan kaso.

Duk da haka akwai yaron da MI-Access ita ce daidai da shi: wanda ko da cikakken tallafi sai an yi ta maimaita masa abu ɗaki-ɗaki, kuma raunin ya shafi har hidimar kansa a gida. Zaunar da irinsa gaban allon da bai gane komai a kai ba zalunci ne.

A wurin taron, ku ce a nuna muku littattafan aikinsa da sakamakon gwaje-gwajen da aka dogara da su. Ku tambayi wane tallafi aka gwada kafin a kai ga wannan shawara. Yawan fashin makaranta, ko tsoron zai faɗi, ba dalili ba ne. Haka ma ƙarancin Turanci, kuma wannan ya shafi iyalan da ba su daɗe da zuwa ba: yaron da Hausa ce a bakinsa yana iya yin shiru a aji a ɗauka bai gane ba. Ku ma kuna da haƙƙin a samo muku tafinta a taron. Idan ba ku gamsu ba, ku nemi a ba ku dalilan a rubuce, kuma kuna iya neman a sake zama ba sai shekara ta zagayo ba.