Gargaɗi ga 'yan kasuwar Garwa da Marwa: mai "bizar kasuwanci ta iyali" ya cinye wa yayana sefa miliyan tara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sai da na nemi izinin yayana kafin in rubuta wannan, domin magana ce da ta shafi gidansa da mutuncinsa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Rubuta, amma kada ka sa sunana." Ba zan sa ba. Shi ma wanda ya cuce shi ba zan kama sunansa ba, don maganar tana hannun hukuma, kuma sunan da ya ba mu mun gano ba shi ne na yankansa ba. Yadda yake aiki zan faɗa muku, domin ko ya sake suna ya sake gari, da wannan dabarar zai zo muku.

Yayana ya fi shekara ashirin a babbar kasuwar Garwa. Shinkafa, sukari da man girki yake sayarwa, lokacin albasa kuma yana sarowa daga Marwa ya tura kudu. Mata biyu gare shi da 'ya'ya bakwai. Wanda ya san shi ya san ba mai kwaɗayi ba ne. Abin da ke hana shi barci shi ne yaran nan. Babban ɗansa ya gama jami'ar Ngaundere yana zaune a bakin shago, sauran kuma suna tafe a bayansa. Ta wannan ƙofar mutumin ya shigo.

Wani maƙwabcinsa na kasuwa ne ya haɗa su, shi ma da zuciya ɗaya, don daga baya muka ji an karɓe masa nasa kuɗin. Mutumin yana da ofis mai ɗaki biyu, da tutocin ƙasashe a kan tebur da hotunan mutane a filin jirgi manne a bango. Yana jin Hausa, yana jin Fulatanci, Faransanci kuwa kamar ruwa. In an kira salla shi ne a sahun gaba. Maganar da ya kama yayana da ita ita ce: "Alhaji, kai ba ka cikin masu bin hamada da teku. Kai ɗan kasuwa ne, akwai bizar da aka yi domin irinku. Kai da iyalinka gaba ɗaya za ku shiga Amurka ta ƙofa."

Bai nemi miliyan tara a rana ɗaya ba, da ya yi haka da yayana ya tashi ya bar masa ofis. Kaɗan-kaɗan ya riƙa ja. Miliyan 1 da dubu 200 na buɗe dosiye. Bayan mako uku, miliyan 2 da rabi na yi masa rajistar kamfani a can. Sai miliyan 2 na takardar banki da za ta nuna yana da ajiya mai kauri. Sai miliyan 1 da dubu 800 na inshora da kafin alƙalamin tikiti. Na ƙarshe miliyan 1 da rabi, wai na "mutanenmu na ciki". Duk ta waya aka tura, kuma kusan kowane karo lambar daban, sunan mai karɓa daban. In yayana ya tambaya sai ya ce na ma'aikatansa ne. Ban da wannan akwai kuɗin fasfo guda goma, kowane ɗaya sefa dubu 110, da ya biya wa hukuma ta hanyar da ta dace, sannan ya ɗauke su duka ya miƙa wa mutumin. An sayar da fili, an sayar da shanu, uwargida ta ba da zinarenta.

Duk wata biyar ɗin nan ban san komai ba, ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin ya gaya masa, "Kada ka faɗa wa kowa, ko ɗan uwanka. Ka san baki, ka san maƙiya." Ina roƙonku ku tsaya a kan wannan, domin shi ne makaminsa mafi kaifi. Mu mutane ne da ba ma tallan tafiya. Mace ba ta faɗin cikinta sai ya fito, mai niyyar Makka ba ya shela sai kujera ta tabbata. Ɗabi'a ce mai kyau, amma ɗan damfara ya san ta, ya mayar da ita katangar da ta raba yayana da duk wanda zai iya duba takarda ya ce masa wannan ba daidai ba ne. Neman shawara a wurin mutum ɗaya da ka amince da shi ba ya karya sirri.

Ni a Ngaundere nake aiki. Ranar da suka sauka gidana su goma, za su kama jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, a ranar na fara jin labarin. Ya fito da takardar randebu, wato ta ranar ganawa a ofishin jakadanci, ya nuna mini yana murmushi. Da na duba, gabana ya faɗi. Adireshin da aka aiko ta da shi na Gmail ne. Ofishin jakadancin Amurka ba ya aika wasiƙa da irin wannan adireshi, nasu na gwamnati ne da ke ƙarewa da .gov. Na tambaye shi lambar fom ɗin DS-160 da kowane mai neman bizar ziyara yake cikewa ta intanet, bai taɓa jin sunansa ba. Na ce ina fasfo? Ya ce suna wurin mutumin, zai same su da su a Yawunde. Na ce, "Yaya, ina jin tsoron abin nan." Ya ce, "An riga an zo nan, bari mu je mu gani." Ban iya hana shi ba, sai na bi su.

Mun sauka a Birkitiri wurin dangi. Da safe muka je ƙofar ofishin jakadanci. Babu sunansa, babu na kowa a cikinsu. Muka kira mutumin, ya ce yana hanya. Da azahar ya ce mota ta lalace. Kafin la'asar wayar ta mutu, har yau ba ta tashi ba. Da aka je ofishinsa a Garwa sai kwaɗo, mai gidan ya ce hayar wata shida kawai ya biya. Ba zan manta fuskar matan nan biyu a cikin jirgi muna komowa ba, yara suna tambaya yaushe za a hau jirgin sama.

Bayan mun dawo na zauna na karanta dokokin nan da kaina a shafukan gwamnatocin, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ko da mutumin bai gudu ba, abin da ya sayar wa yayana babu shi. Bizar da ake kira ta kasuwanci a Amurka, wato B-1, ta ziyara ce. Ka je taro, ka ga kaya, ka ƙulla ciniki, ka dawo. Ba ta ba ka damar zama, ba ta ba ka damar buɗe shago ka tsaya a ciki, kuma ba ta ɗaukar iyali a ƙarƙashinta: mata da yara kowa sai ya nemi tasa bizar ziyara, a duba shi shi kaɗai. Babban abin da jami'in biza yake so ya gani ma shi ne za ka komo gida. Mutumin da ya sayar da fili da shanu ya kwaso mutum tara ya riga ya nuna akasin haka. Kuɗin nemanta a 2023 aka mayar da shi dala 185, dubu ɗari da ɗoriya a kuɗinmu, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Haka bizar gajeren zama ta ƙasashen Turai na Shengen take: kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuɗinta yuro 90 tun 2024, wajen sefa dubu 59. Ita ma ba ta ƙaura ba ce.

Takardar kamfanin nan ta miliyan 2 da rabi ita ta fi ruɗar yayana, domin da hatimi a jikinta. Ku sani, a Amurka kusan kowa zai iya yi wa ƙaramin kamfani rajista ta intanet daga ɗakinsa da 'yan ɗaruruwan daloli, ko bai taɓa taka ƙasar ba. Ko takardar ta gaskiya ce, ba ta ba mai ita ikon shiga ko na kwana ɗaya.

Akwai hanyoyin gaskiya na masu zuba jari, kuma da gutsattsarinsu 'yan damfara suke yin ado. Kamaru tana cikin ƙasashen Afirka kaɗan da ke da yarjejeniyar jari da Amurka, tun 1989, don haka mai fasfon Kamaru yana iya neman bizar E-2. Amma sai ka zuba kuɗinka na gaske a kasuwanci na gaske da ke aiki a can, ka nuna inda ka samo kowane kwabo, kai ne kuma za ka gudanar da shi. Biza ce ta wani lokaci da ake sabuntawa muddin kasuwancin yana raye. Wadda ke kai mutum ga zama na dindindin, EB-5, mafi ƙarancinta dala dubu 800 ne tun 2022, ya haura sefa miliyan 400, tare da samar wa mutum goma aiki. Faransa tana da katin zama na mai kafa kamfani, ana neman jarin yuro dubu 30 da babban digiri ko shekara biyar na ƙwarewa, da tsarin kasuwancin da hukumarsu ta yarda da shi. Ingila ta rufe bizarta ta masu jari tun Fabrairun 2022, amma har yanzu za ka ji ana tallarta. 'Yan uwanmu na Njamena da masu fasfon Cadi da ke Kusiri, ku naku ya fi tsanani: Cadi ba ta cikin yarjejeniyar E-2, kuma a watan Yunin 2025 Amurka ta sa ta cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, har shugaba Mahamat Idriss Déby ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza. Duk wanda zai karɓi kuɗinku a kan Amurka, ku fara tambayarsa wannan.

Sai maganar da ta fi shafar gidajenmu, wadda mutumin ya shafa wa mai ya wuce. Duk waɗannan bizoji mace ɗaya suka sani. Amurka, Kanada da Faransa babu wadda ke karɓar mata ta biyu a matsayin matar aure. Yaran da ke bin uba a E-2 kuma sai waɗanda ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba. Babban ɗan yayana, wanda dominsa aka fara duk wannan, shekararsa 23. Da yayana ya tambayi batun amarya, sai mutumin ya ce abu mai sauƙi ne, za a rubuta ta a matsayin ƙanwarsa, 'ya'yanta uku a mayar da su na uwargida. Ku dubi nauyin wannan. A raba uwa da 'ya'yanta a takarda, a canza nasaba, abin da addininmu ya yi hani da shi ƙarara. Ta fuskar doka kuma, wanda aka kama da ƙarya a neman bizar Amurka ana iya haramta masa ƙasar har ƙarshen rayuwarsa, a Kanada shekara biyar. Takardar bankin nan ta haya ma cikin wannan take. Wanda sunansa ke kan fom shi ake kamawa, dillali yana gefe. Ta wannan fuskar kaɗai nake gode wa Allah da dosiyen bai taɓa isa gaban kowane jami'i ba.

In kana da niyyar irin wannan tafiya, ba na cewa ka fasa. Ka riƙe fasfonka a hannunka har ranar da za ka miƙa shi da kanka a ofishin jakadanci ko cibiyar da suka ayyana. Ka sa ɗanka ko ƙanenka mai karatu ya buɗe shafin gwamnatin ƙasar ya karanta maka sunan bizar da sharuɗɗanta da kuɗinta. Wanda ya ce maka biza tabbas ce, ko yana da mutum a ciki, ka tashi daga gabansa, domin lauyan gaskiya ma ba ya yin wannan alkawari. Kanada ma doka ta yi: ba mai karɓar kuɗi ya wakilce ka sai lauya ko mai ba da shawara da ke da lasisi a can, kuma ana iya duba sunansa a rajistarsu ta intanet kyauta. Kuɗin biza kuwa ba a tura shi lambar wayar wani mutum.

Wani abu kuma ya faru makon jiya. Wani ya kira yayana ya ce shi jami'i ne daga Duwala, an kama mutumin, in ya turo dubu 300 na "buɗe fayil" za a dawo masa da kuɗinsa. Ya san adadin da aka ci, ya san yawan fasfo. Wannan karon yayana ya kira ni kafin ya yi komai, ba mu tura ba. Ina kyautata zaton bakinsu ɗaya. In an kira ku da irin wannan, ku ce ku haɗu a komisariya.

Mun shigar da ƙara a Garwa. Sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma a kan zamba. Mun kuma kai rahoton ɓatan fasfo goman nan don kada a yi amfani da su da sunan yaranmu. Zuwa yanzu mun san gida huɗu da abin ya shafa, biyu a Garwa, ɗaya a Gidar, ɗaya a Marwa, kuma na tabbata akwai waɗanda kunya ta hana su magana. Don Allah ku fito. Kada ku goge saƙonnin tura kuɗi da ke wayarku, kada ku goge muryoyin WhatsApp, ku haɗa duk takardar da ya ba ku ko da kuna ganin ta banza ce, ku kai wa 'yan sanda ko jandarmomin da ke kusa da ku, ku gaya musu akwai ƙara irinta a Garwa domin a haɗa su wuri ɗaya.