Auna sukarin da ya manne wa kolajin: ƙyalli ko HPLC?

Idan sukari ya daɗe manne da kolajin (furotin mai zaruruwa da ke riƙe tsokar jiki) na bangon jijiyar jini, zaruruwansa kan sarƙe, jijiyar ta yi tauri.

Kolajin da sukari ya manne wa yana ƙyalli idan an haska shi. Auna ƙyalli ya fi sauƙi da arha: a narkar da samfurin jijiyar da kolajinez (sinadarin da ke narkar da kolajin), a haska da haske mai tsawon zango nanomita 370, a karanta a 440. Matsalarsa, ilastin (furotin da ke sa jijiya ta miƙe ta koma) ma yana ƙyalli, sai adadin ya kumbura.

HPLC kuwa, wato hanyar ware sinadaran samfuri ɗaya-ɗaya da na'ura, sai an dafa samfurin cikin asid HCl mai ƙarfin mola 6, zafi digiri 110 na Salsiyas, kusan awa 24, a ware fentosidin (ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen da sukari ke yi tsakanin zaruruwan), a haska da 335, a karanta a 385. Asid ɗin yana lalata gulukosifen, wani ƙullin irin wannan, wanda ya fi fentosidin yawa nesa ba kusa ba. Duk da haka, ga aorta, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, mai yawan ilastin, HPLC ce abin dogaro.