Bikin zumar mapul: Elmira ko Kortright?

Hajiya, tunda daga Toronto za ku tashi, kuma rabin tawagar yara ne, tsakanin bikin garin Elmira da na cibiyar Kortright da kika tambaya wanne za ku je, ku tafi Kortright kawai. Duka biyun bukukuwa ne na zumar mapul, wato zumar da ake dafawa daga ruwan bishiyar mapul a Kanada.

Elmira tana da suna, ba a musu. Tun 1965 ake bikinta, rana ɗaya tak, galibi Asabar a farkon Afrilu, kuma ta shiga kundin bajintar duniya na Guinness a matsayin mafi girman irin wannan biki na yini guda. To, abin da ya ba ta suna shi ne zai wahalar da ku: tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, neman wurin ajiye mota, dogon layin abinci, ga ido kullum a kan yara cikin dubban mutane. Babbar kasuwa ce a titin gari. Akan kai mutane dajin mapul daga can, amma shi ma sai an bi layi.

Kortright kuwa tana nan Vaughan, a arewacin Toronto, cikin dajin kanta. Bikinta yakan ɗauki makonni, daga Maris zuwa farkon Afrilu, don haka ku ne za ku zaɓi rana. Yaro zai tsaya gaban bishiya ya ga ɗan bututun da aka kafa a jikinta, ruwa garau yana ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis. In ya ɗanɗana da ƙyar zai ji zaƙi, don sukarin da ke ciki kusan kashi 2 cikin 100 ne. Sai an tafasa kimanin lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta zuma mai sukari kashi 66 cikin 100. Ana nuna yadda 'yan asalin ƙasar suke yi tun da, da manyan tukwanen ƙarfe a kan wutar itace, da na'urar zamani. Tsayuwa cikin tururin nan mai ƙanshi ita ce ribar tafiyar.

Ku lura da yanayi kafin ku sa rana. Ruwan ba ya gudana sai dare ya yi sanyi ƙasa da sifili, rana kuma ta ɗan haura sifili. In sanyi ya kama dare da rana, bokitai wayam za ku tarar. In zafi ya shigo bishiyoyi suka fara toho, ɗanɗanon ya lalace, kaka ta ƙare. Ku sayi tikiti ta intanet tun da wuri, musamman a makon hutun makarantu na Maris. Kowa ya sa takalmin roba mai dogon wuya, domin ƙanƙara na narkewa, hanyar taɓo ce, yara kuma a riƙo musu safa ta canji. A yi alwala daga gida, a ɗauki darduma. Bayan an tura agogo gaba da awa ɗaya a Maris, azahar takan shiga kusa da 1:30.

Batun abinci, fanken Turawan da ake zuba wa zumar sau da yawa tare da sosej na alade ake haɗa shi. Ku ce a ba ku zallarsa, ku tambaya ko kasko ɗaya ake suya. Ni dai shawarata ku tafi da guzurinku. Masu dafa zumar ma a tambaye su da me suke kwantar da kumfa. Yanzu galibi man tsirrai ne, amma a da wasu da kitse suke yi.

Sai wani abu da ba ki tambaya ba, Hajiya: algus. Kamar yadda ake haɗa zuma da sukari a kasuwanninmu, nan ma akwai masu sayar da ruwan sukarin masara mai launi da sunan mapul. Kada ku sayi kwalbar da ba ta da takarda a jiki. Ku nemi "Canada Grade A" da sunan mai sarrafawa, a jerin sinadarai kuma abu ɗaya kawai za ku gani. Duk wanda ya ce muku baƙar ta fi inganci don ya ƙara kuɗi, ku wuce shi. Launi huɗu ne, daga mafi haske zuwa mafi duhu: Golden, Amber, Dark da Very Dark, duk daraja ɗaya. Mai haske ta farkon kaka ce, mai duhu ta ƙarshe. Amber za ku saya don shayi da fanke, Dark don girki. Da zarar an buɗe a sa a firji, in ba haka ba za ta yi fumfuna.