Attaruhun cikin ɗaki: doguwar fitila ko LED?

Malam, ka ce kana haya a bene a Garwa, tagarka tana fuskantar katanga, attaruhun da ka shuka a bokitai uku kuma ya yi tsawo siriri, ganyensa ya koɗe, kana tambaya ko doguwar fitila irin ta ofis za ka saya ko LED. Abin da ka gani alamar ƙarancin haske ce, domin shuka miƙewa take yi tana neman rana.

Doguwar fitila tana da araha, ana samunta a kowace kasuwa, kuma tana rainon ƙananan tsirrai da kyau muddin ba ta wuce santimita 10 daga kansu ba. Sai dai haskenta ba ya ratsa ganye. Idan attaruhu ya kai gwiwa, rassan sama ne kawai ke amfana, na ƙasa su yi rawaya su zube, kuma da wuya ka ga 'ya'yan kirki.

LED ta fi tsada a ranar saye, amma ita nake ba ka shawara, kuma babban dalilina shi ne zafi. Barkono yana zubar da furensa idan zafi ya haura digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu Garwa tana wuce digiri 40 ko ba a kunna komai ba. Shi ya sa ma ban sa fitilar sodiyom mai wat 400 a lissafi ba, wadda manoman Turai ke amfani da ita, domin a ɗakinka murhu za ta zama. Ta fuskar kuɗin wuta ma, LED mai wat 100 da aka kunna awa 14 tana cin kilowat-awa 1.4 a rana, wato 42 a wata, ita kuwa ta sodiyom 168. Ga wanda ke dogara da sola da batir saboda ɗaukewar wuta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ka zaɓi mai farin haske, ka bar mai ruwan hoda. Gaskiya ne shuka ta fi amfani da shuɗi da ja, amma fara tana ɗauke da duka biyun, kuma a ƙarƙashinta ne za ka iya ganin ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye. Ni na taɓa sayen wata da aka rubuta 1000 ɓaro-ɓaro a kwalinta, da na juya bayanta sai na tarar wat 100 take ja, kuma mai shagon bai ce mini komai ba. Saboda haka ƙaramin rubutun baya za ka karanta, ka tabbatar kuma ta dace da volt 220.

Ka rataye ta kamar santimita 30 zuwa 45 sama da shukar, sannan ka ɗora bayan hannunka a kan ganyen sama. Idan ka ji zafi, ka ɗaga ta. Ka riƙa kashe ta da dare, domin shuka tana buƙatar duhu, ka kuma goge wa fitilar ƙura a lokacin hunturu. Da fure ya buɗe, ka girgiza reshen a hankali kowace safiya, tunda babu iska ko ƙudan zuma a ɗaki da za su yi maka wannan aiki.