Lady in Satin a faifan garmaho: ga muryar Billie Holiday, ga gogen Ray Ellis

Duk wanda ke neman murya mai santsi, wadda za ta lallashe shi ya yi barci, kada ya kashe kuɗinsa a kan wannan faifai. A watan Fabrairun 1958 Billie Holiday, mawaƙiyar jazz ta Amurka, ta shiga sitidiyon kamfanin Columbia da ke titi na 30 a birnin New York, wani tsohon coci da aka mayar wurin ɗaukar kiɗa, ta rera waɗannan waƙoƙin. Lokacin giya da ƙwaya da wahalar duniya sun riga sun cinye mata murya. Ba ta ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya ba, ta rasu a watan Yulin 1959 tana da shekara 44.

Wanda na saya sabon bugu ne na sitiriyo (mai raba sauti tsakanin lasifikar hagu da ta dama), faifai biyu masu nauyin giram 180, masu juyawa sau 45 a minti maimakon 33 da sulusi da aka saba. Amfanin saurin shi ne allura tana bin hanya mai tsawo a kowane daƙiƙa, don haka sauti yana samun wurin sakewa, musamman can kusa da tsakiyar faifai inda murya ta kan fara ƙarƙara a bugun da aka matse. Nauyin kuwa, kada a ruɗe ku, ba ya ƙara wa kiɗa daɗi. Yana dai hana faifan lanƙwashewa da wuri.

To me kunne ya ji? A waƙar farko, "I'm a Fool to Want You", gogen Turawa ne ke buɗewa a hankali, sannan ta shigo. A waya na sha jin waƙar nan, muryar tsohuwa mai gajiya kawai nake ji. A nan kuwa sai ga ta tsaye tsakanin lasifika biyu, ana jin jan numfashinta, ana jin inda maƙogwaro ya kusa ƙin ba ta haɗin kai da yadda take lallaɓa shi har ta kai ƙarshen baiti. Bugun bai gyara mata komai ba, tona mata asiri ma ya yi, kuma abin da na biya kuɗi in ji ke nan. Gwanintarta tana wurin lokaci: sai ta jinkirta kalma kamar makaɗa za su tafi su bar ta, sai kuma ta sauka daidai. A "You've Changed" abin har ya fi ƙarfin bayani. Shi kansa Ray Ellis, wanda ya tsara kiɗan ya kuma jagoranci makaɗa wajen 40, ya faɗa daga baya cewa da farko muryar ba ta gamsar da shi ba, sai da ya saurari aikin bayan an kammala haɗawa ya gane girman abin da ta yi.

Ita ce fa ta nemi a yi mata goge, ta kuma zaɓi Ellis da kanta. Uku daga cikin waƙoƙin, ciki har da "Glad to Be Unhappy", mawaƙin Amurka Frank Sinatra ya riga ya rera su a faifansa na 1955, In the Wee Small Hours. Amma ni a wurina Ellis ya zuba sukari ya wuce misali, kamar mai shayin da ba ya jin "ya isa". Abin da ya fi damuna su ne matan da ke amshi can baya, ba kalma, sai gunji mai siririn sauti. Ingancin bugun ya ƙara fito da su fili, da ma a ce sun zauna a gida. Masu busa ne suka fanshi aikin. Idan Urbie Green ko J. J. Johnson suka karɓa da kakakinsu mai zuƙewa, sai ka ji wanda ke magana da yarenta, ga Milt Hinton yana riƙe da ƙasan kiɗan da babban molonsa ba tare da hayaniya ba.

Sai batun wahala. Kowace fuska waƙa biyu ce ko uku, da ka fara nutsewa sai a tashe ka juya faifai. Waƙoƙi 11 ne kacal, domin tun asali bugun sitiriyo bai ɗauki "The End of a Love Affair" ba, a bugun mono (wanda ba ya raba sauti hagu da dama) mai waƙa 12 take. Kuma kiɗa ne mai sanyi, da shiru a tsakani, ƙura ƙwaya ɗaya sai ta yi ƙas a kunne. Da hunturu sai na share kowace fuska da burushi kafin in ɗora allura.

Ga tsada, ga kuɗin aikowa daga waje. Idan garmahonka irin ɗan akwatin nan ne mai lasifika a jiki, bambancin ba zai fito ba, nemi bugun 33 mai rahusa, idan ka dace da na mono ma ka samu ƙarin waƙa. Mai allura ta kirki da lasifika biyu da aka daidaita, shi ne kuɗinsa zai biya.